Lita Huɗu da Gashin Bakin Na-Sani

Shekarata ashirin da biyu ina aski a bakin layinmu. Kawunan da suka bi ta hannuna Allah kaɗai ya san yawansu, amma ban taɓa dafa kai mai taurin na Na-Sani ba. Akawu ne a wani ofis, aikinsa jera fayil da buga hatimi. Sunan kuma mu muka laƙaba masa, don duk zancen da ka ɗauko, kafin ka kai aya ya ce, "Na sani." Ka ce ana ruwa a waje, ya sani. Ka ce cikinka na murɗawa, ya riga ka sani, har abin da ka ci ma ya sani.

Abu biyu yake taƙama da su a duniya, bakinsa da gashin da ke saman bakin. Gashin bakin nan kuwa ba na wasa ba ne. Sai da ya haura talatin kafin ya tsiro masa, bayan ya sha gori a wurin abokai har ya gode Allah, shi ya sa da ya fito ya riƙe shi kamar ɗan fari. Shekara goma sha takwas ni nake gyara shi duk ranar Asabar, kuma ban taɓa kai almakashi wurin ba tare da ya riƙe mini hannu yana cewa "A hankali, a hankali" ba. Har da ɗan mataji yake yawo a aljihun gaba, kusa da biro. Matarsa Malama, wadda ke koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, ta taɓa gaya wa matata cewa tunda aka yi aurensu ba ta taɓa ganin leɓen mijinta na sama ba, ji kawai take yi ana cewa akwai shi.

To, wata Asabar da hantsi muna zaune a shago, sai muka ji hon kamar an zo kamun ɓarawo. Muna leƙawa sai ga mota fara sol, sabuwa fil, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Na-Sani ne a ciki. Ya zo ya faka ta a gicciye, ya toshe wa Mai Faci ƙofar rumfarsa, ya fito yana kaɗa makulli a ɗan yatsa. A kan bencina akwai Mai Facin kansa, da Tela, da kuma Baba Direba, mahaifin Malama, wato surukin Na-Sani. Baba ya yi shekara talatin da biyar yana jan babbar mota kafin ya ajiye sitiyari, kuma mutum ne da zai wuni bai yi magana goma ba.

"Wannan da kuke gani mai dizal ce," in ji Na-Sani, yana shafa bonet. "Kuma ba shan mai take yi ba, sansanawa take yi. Lita ɗaya, kilomita ashirin da biyar. Ga shi a rubuce a takardar kamfani."

Mai Faci ya ce, "Ai Yallaɓai in ka lallaɓa ta da kyau, ƙila ta fara haifa maka man da kanta. Sai mu riƙa zuwa da galan."

Baba Direba ya tashi ya zagaya motar sau ɗaya, hannuwansa a baya, ya dawo ya zauna.

"Allah ya sa alheri, ya tsare hanya," ya ce. "Amma ɗana, sabon inji a ɗaure yake. Ƙarafan cikinsa ba su saba da juna ba, dole ya ci mai fiye da ƙima. Ka ba shi kilomita dubu uku ya warware. Kafin nan ka tuƙa abarka kamar mutane, wani wuri ka taka, wani wuri ka sassauta. Kada ka matsa masa, kada kuma ka tsaya ƙirga masa loma."

Duk wani mai kunya a nan zai sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Amma ina!

"Na sani, Baba, Allah ya ƙara girma. Sai dai wannan zancen motocinku ne na da, masu hayaƙin nan da sai ka rufe hanci. Wannan kwamfuta ce a cikinta."

Baba ya ce, "Kwamfutar ce ke juya tayar?"

Tela ya fashe da dariya har tef ɗin awonsa ya faɗo daga wuya. Mai Faci ya riƙe ciki. Ni ma, Allah ya yafe mini, na juya baya ina yi kamar ina wanke injin aski. Dariyar nan ita ta jawo komai, don Na-Sani zai iya jure yunwa da ƙishirwa amma ba ya jure a yi masa dariya.

"Mai Aski, kai ne shaida," ya ce, idonsa ya yi ja. "Mako biyu daga yau, a nan gaban shagonka, zan zuba mata lita huɗu. In ba ta yi kilomita ɗari ba," ya kama gashin bakin ya murza, "ka aske wannan ƙwal a gaban kowa."

Na ce, "Yallaɓai, baki shi ke yanka wuya fa."

"Na sani."

Kafin ya rufe baki Tela ya zaro allin ɗinkinsa ya rubuta ranar a bangon shagona, da manyan baƙaƙe yadda ko daga tsallaken titi za a karanta.

Bayan kwana biyu ya rage mini hanya zuwa kasuwa, zan sayo reza. Ina shiga na ga ya lulluɓe allon gaban motar da hankici, daidai inda take nuna yadda take cin mai. Muna faɗawa wani rami hankicin ya zame.

Na ce, "Kilomita goma sha biyu a lita nake gani ko idona ne ya fara lalacewa?"

Ya yi wuf ya mayar da hankicin. "Kwamfutar ce ba ta gama farkawa ba. Kai ka san aski, ka bar mini mota."

A ranar da yamma, kamar yadda Malama ta ba matata labari, ya kulle kansa a ɗaki ya buɗe littafin da aka haɗo da motar. Abin da Baba ya faɗa shi ya tarar a ciki, sai ka ce Baban ne ya rubuta. Mutumin kirki da sai ya wanke ƙafa ya je ya ba surukinsa haƙuri, a goge alli a bango, kowa ya huta. Shi kuwa sai ya fito falo yana murmushi, ya ce ya gano dabarar da ko masu kamfanin ba su gano ba. Tunda kilomita dubu uku ake so, zai cinye su kaf a kwana goma sha biyun da suka rage. Kuma don kada ta ci mai da yawa, ba zai wuce gudun talatin ba.

Malama ta ajiye jan bironta ta dube shi. "Baban yara, dubu uku a gudun talatin awa ɗari ke nan. Kullum sama da awa takwas kana cikin mota. Wato za ka ƙona tanki biyar don ka nuna wa mutane ba ta shan mai?"

"Ke lissafin allo kika sani. Wannan lissafin injiniyoyi ne."

Washegari ya ɗauki hutu a ofis, ya ce yana da marar lafiya a gida. Ya zaɓi zagaye ɗaya mai kilomita biyar: daga gaban shagona ya bi ta makaranta, ya shiga shataletale, ya ɓulla ta bayan kasuwa, ya dawo. Duk minti goma sai ga shi ya gifta, hannu bibbiyu a sitiyari, wuya a miƙe, motar tana rarrafe. Agogon bangona ya lalace a makon, wallahi ban ji rashinsa ba. In wanda nake yi wa aski ya tambaye ni yaushe zan gama da shi, sai in ce, "Kafin Na-Sani ya wuce sau biyu."

Mai Faci kuwa ya samu abin yi. Duk giftawa sai ya ajiye aikinsa ya miƙe ya ɗaga hannu biyu. "Sannu da zuwa, Yallaɓai! Ya hanya? Ya mutanen can?" Sau talatin a rana, bai taɓa fashi ba. Masu keke suna wuce motar suna waiwaye. Wani mai tura kaya a baro ya bi bayansa yana ihu, "Malam, in ba tafiya za ka yi ba ka ba mu hanya, muna sauri!" A rana ta uku wani ɗan sanda ya tsayar da shi yana son jin dalilin da zai sa mutum ya zagaya makaranta sau talatin. Na-Sani ya fito da littafin mota ya fara yi masa bayani. Bayan awa guda ɗan sandan ne yake roƙonsa don Allah ya tafi.

Da ya ga lambar ta ƙi motsi sai ya kashe esi mai sanyaya motar, wai tana shan mai. Ya kuma rufe gilasai ruf, wai iska in ta shigo tana riƙe mota. Da azahar in ya fito sai ka rantse daga rijiya aka tsamo shi, riga ta manne a jiki, gashin bakin nan ya lanƙwashe yana ɗiga.

Daga nan ya koma kan nauyi. Ya kwance kujerun baya ya shigar falo. Ya fitar da tayar ko-ta-kwana, da jak, da sifana, da shimfiɗun ƙafa, har da ɗan madubin gyaran fuska. Ƙawayen Malama suka zo gaishe ta, a kan kujerar mota suka zauna, wata har tana tambaya ko sai ta ɗaura bel. Ita kanta Malama ya ce zai kai ta makaranta amma ban da jakar littattafan ɗalibai, don ta kai rabin mutum. Ta ɗauki jakarta ta je ta tsaya jiran bas. Sau uku sabuwar motar mijinta ta wuce ta gabanta kafin bas ɗin ya zo, kuma duk wucewa sai ya danna mata hon.

Ya je wurin Mai Faci ya ce a ƙara wa tayoyi iska.

"Yallaɓai, sun cika."

"Ƙara. Taya in ta yi tauri ba ta jan ƙasa."

"In ta fashe fa?"

"Kai faci ka sani, ni kimiyya nake yi. Ƙara!"

Mai Faci ya ƙara, yana kawar da fuska gefe yana salati. Daga ranar motar ta koma tsalle, ko tsakuwa ta taka sai kan Na-Sani ya gaisa da rufi.

Asabar ɗin tsakiya ya zo gyaran fuska, ya ce in rage masa suma sosai. Na ce lafiya? Ya ce ko'ina aka samu sauƙin nauyi riba ce.

Na ce, "Ai gashin bakin ma da nauyinsa. In taɓa shi tun yanzu mu rage aiki?"

Ya harare ni ta madubi. "Ka yi abin da aka sa ka."

Baba Direba yana kan benci yana jin mu. Abin da ya ce kawai shi ne, "Wannan ba horon inji ba ne, ɗaurin talala ne." Ya ci gaba da jan carbinsa.

Rana ba ta ƙarya. Ana gobe gwaji, ko dubu biyu bai cika ba, lambar kuma ta daure ta hau goma sha uku ta tsaya. Amma da safiyar Asabar sai ga shi cikin kayansa mafi tsada, gashin baki ya sha mai yana ƙyalli, yana gaisawa da jama'a kamar mai neman ƙuri'a. Jama'a kuwa sun zo. Mutanen da rabona da su tun suna da suma duk sun hallara. Masu shaguna sun rufe, mata sun cika ƙofofin gidaje, Malama tana tsaye kusa da matata da ɗan littafi a hannu. Ni kuma na fito da askata bakin ƙofa ina wasa ta a hankali, yadda zai ji ƙararta. Baba Direba ya zo da wani buhu a hannu, ya ajiye a gefen ƙafarsa, bai ce wa kowa ga abin da ke ciki ba.

Tela ya kawo jarka mai lita huɗu cif, da idonsa aka auna a gidan mai. Sai Mai Faci ya ɗaga hannu.

"Tsaya, Yallaɓai. Wanda ke cikin tanki fa? Ya za a yi mu san ba ka ɓoye wani ba?"

Na-Sani ya yi dariyar manya. "Na san za ka tambaya. Ɗan kaɗan na bari. Yanzu zan tayar da ita a gabanku, ta yi ta aiki har ta shanye ta mutu da kanta. Sannan a zuba huɗun. Haka nake yi wa tsohon babur ɗina, ban taɓa kuskure ba."

Baba Direba ya gyara zama. "Ɗana, dizal ba fetur ba ne. Ba a barin ta ta mutu da ƙishirwa. In man ya ƙare iska za ta ja a madadinsa, in kuwa iska ta shiga hanyar mai..."

"Na sani, Baba. Kwamfuta ta san da wannan."

Baba ya dube shi, ya dubi 'yarsa, ya naɗe hannuwa.

Minti arba'in motar tana kuka a tsaye, Na-Sani yana yi mana lacca a kan kimiyyar inji. Can sai ta yi tari sau biyu, ta girgiza, ta yi shiru. Ya ɗaga hannu sama kamar ya ci ƙwallo. Aka sa mazurari, ya zuba man da kansa, ya girgiza jarkar har ɗigon ƙarshe. Ya shiga, ya gyara madubi, ya fito da mataji ya taje gashin baki, sannan ya murza makulli.

Ƙiƙiƙiƙiƙi. Shiru.

Ya sake. Ƙiƙiƙiƙiƙi. Shiru.

"Tunani take yi," ya ce ta taga. "Kwamfuta sai ta lissafa sabon man."

"A ba ta biro mana," in ji Tela.

Ya yi ta murzawa, gumi yana tsattsafo masa, har kukan ya koma ƙi... ƙi... ƙi, daga nan ko fitila ta daina kamawa. Batir ya mutu murus.

"Ku ɗan tura," ya ce. "Da ta ji motsi za ta kama."

Ƙarti takwas suka dafa. Layinmu yana da ɗan gangare, motar kuma babu komai a cikinta, ga tayoyi kamar dutse. Tura ɗaya ta kuɓuce musu. Ya sa giya ya saki kuloci, ta yi tsalle ta ƙi tashi, ya cire giyar ta ci gaba da gangarawa. Abin da bai sani ba, duk da ya san komai, in inji ba ya aiki sitiyari yakan yi nauyi, birki kuma ya sandare. Muka hango shi yana kokawa da sitiyari yana ihu, "Ku riƙe ta! Ku riƙe ta!" Wa zai riƙe? Ta yi kan rumfar Mai Faci kai tsaye, ta hau ƙarfen da yake ɓare taya da shi, tayar gaba ta fashe da wata irin ƙara har mata suka watse. Ta kifar da bahon ruwan da yake gwada tube na taya a ciki, ta je ta soka hanci cikin tulin tsofaffin tayoyi ta tsaya. Wata taya ta gangaro daga sama ta zauna daram a kan bonet.

Mai Faci ya ruga, ba don ya taimaka ba. Ya tsaya a bakin taga ya ɗaga hannu biyu. "Sannu da zuwa, Yallaɓai! Ya hanya?"

Tela ya durƙusa da tef ɗinsa, ya auna tun daga ƙofar shagona har inda ta tsaya, ya miƙe ya sanar da cewa mita arba'in da bakwai ne.

Kun san me bawan Allahn nan ya ce da ya fito, takalminsa cikin ruwan baho? Ya ce, "To kun gani da idonku. Mita arba'in da bakwai, ko ɗigo ba ta sha ba."

Malama ta duba littafinta. "Ƙwarai kuwa, Baban yara. Saura mita dubu casa'in da tara da ɗari tara da hamsin da uku, in masu turin za su jure."

Aka nemi tayar ko-ta-kwana, babu. Aka nemi jak, babu. Na-Sani da kansa ya koma gida ya gangaro da tayar a tsakiyar layi, da ɗan ƙyallen ado da Malama ta shimfiɗa mata a falo yana manne a jiki. Mai Faci ya sa ta, ya kuma sace wa sauran iska ba tare da ya nemi izini ba.

Sai a lokacin Baba Direba ya tashi. Ya buɗe bonet, ya laluba wani ɗan famfon hannu da ke kan matatar mai, ya sassauta wani noti, ya yi ta dannawa da babban yatsa. Kumfa ta riƙa fitowa, har ta ƙare man ya zo tas. Ya ɗaure notin. Aka jona batir ɗin wani maƙwabci, ya ce, "Murza." Motar ta tashi kamar ba ita ba. Ko minti biyar ba a yi ba. Ya goge hannu, ya ɗauki buhunsa, ya shiga gaba ya zauna.

"Alkawari lita huɗu ne," ya ce. "Ga su nan a ciki. Muje, ni ne shaida."

Zagaye ashirin ake nema. Duk wucewa Tela ya ja layi a bango, jama'a su ƙirga da ƙarfi. Biyar, Na-Sani yana ɗaga mana hannu. Takwas, ya daina ɗagawa. Goma sha ɗaya, ya wuce bai ko kalle mu ba. Muka zuba ido muna jiran na goma sha biyu. Minti goma, ashirin, babu su. Sai ƙarar hon muke ji daga wajen shataletale, motoci ɗari suna zagin mutum ɗaya.

Can sai ga farar mota ta shigo layi sumul, da gudun mutane. Baba Direba ne a sitiyari, Na-Sani yana gefe ya rungume galan. Ashe abin da ke cikin buhun ke nan. Tun daga gida tsohon ya taho da mansa, don ya san inda za a kwana.

Baba ya fito ya ce, "Kilomita hamsin da bakwai. A tsakiyar shataletale ta mutu."

"Nauyin galan ɗin nan ne ya ja mini," in ji Na-Sani, amma muryar ba ta fita sosai ba.

Na kaɗe kujera. Ya shigo ya zauna, na yafa masa ƙyalle na ɗaure a wuya. Shagon ya cika har taga. Gaskiya a nan dariyata ta ƙare. Shekara goma sha takwas ina lallaɓa gashin nan, na san kowane sili a cikinsa, sai na ji tausayi ya kama ni.

Baba Direba ya matso ya tsaya a bayansa, suna kallon juna ta madubi.

"Ɗana, ni ba ni da amfani da gashin bakinka. Mijin 'yata ne kai, ba na so a yi maka dariya. Abu ɗaya nake so. Ka ce, 'Baba, ban sani ba.' Shi ke nan, ka tashi da abinka, ni zan goge allin da hannuna."

Kowa ya ce madalla. Tela ma ya ce ya yafe nasa kason. Malama daga bakin ƙofa ta ce, "Baban yara, faɗi mana. Don Allah faɗi."

Ya buɗe baki. "Baba, ba..." Ya sake gwadawa. "Ban..." Wallahi na ga yana ƙoƙari, jijiyar wuyansa har ta tashi. Ya daɗe yana kallon kansa a madubi. Sai ya zura hannu ƙarƙashin ƙyalle ya zaro ɗan matajin nan, ya taje gefen dama, ya taje gefen hagu, a hankali, ya miƙo mini matajin.

"Aske," ya ce.

Na shafa sabulu. Wannan karon bai riƙe ni ba, bai ce a hankali ba. Ja huɗu na yi, shekara goma sha takwas suka zube a kan ƙyalle. Leɓen ya fito fari fat, ɗan ƙarami, bai taɓa ganin rana ba. Babu wanda ya yi dariya, har Mai Faci. Malama ce kawai ta leƙo ta ce a hankali, "Ashe da gaske akwai shi."

Baba Direba ya girgiza kai ya fita. Na-Sani ya shafa wurin da yatsa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce sifirit ɗina ne mai yaji. Ban ma kai ga shafa masa ba.

Yau wata biyar ke nan. An mayar da kujeru, Malama tana zuwa makaranta da jakarta a gidan gaba. Motar ta daɗe da wuce dubu uku, kuma yanzu in an hau babban titi takan ba da ashirin da ɗaya, wani lokaci da biyu, ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Gashin bakin ne ya ƙi. Ya dai tsiro, amma tsilli-tsilli, rabinsa furfura, gefe ɗaya ya fi ɗaya.

Asabar ɗin da ta wuce yana kan kujera na ce, "Yallaɓai, wannan fa ya ƙi cika kamar na da."

"Sabo ne," ya ce. "A ɗaure yake, sai an ba shi lokaci ya warware. Sabon abu ba a matsa masa, ba a kuma tsayawa ƙirga masa."

Baba Direba yana kan benci. Ya ɗago kai. "Wa ya gaya maka haka?"

"Na sani, Baba. Tun da can na sani."

Matajinsa yana nan a aljihun teburina, tare da tsofaffin almakasai. Duk Asabar sai na buɗe a gabansa don ya gani. Har yanzu bai ce in ba shi ba.